Yayana Mai Kulake

Yayana kafinta ne. Shekara tara ya ba ni, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ya zame mini uba, ko da yake bai taɓa ɗaga mini murya ba, balle hannu. Shagonsa a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. Kujeru yake yi da gadaje da ƙofofi, da bencin 'yan makaranta in an samu aikin. Gajere ne mai kaurin damtse. Magana ba ta dame shi ba, in ka yi masa tambaya sai ya gama buga ƙusar da ke hannunsa kafin ya amsa. Ni kuwa direban babbar mota ne, na yi shekara talatin da ɗoriya ina tsallaka iyakoki da kayan mutane. Har na yi furfura bai daina kirana Auta ba.

A hannun wata tsohuwa ya samu kulkinsa na farko. Kujerarta ce ta karye a ƙafa, ta kawo gyara, ta haɗo da wani baƙin itace mai dunƙulallen kai, wai a yanka a yi ƙafar da shi. Yaya ya ɗora zarto ya ja sau biyu, zarto ya zame kamar a kan ƙarfe. Sai ya ajiye, ya fito da itacen bakin ƙofa inda haske yake. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Kan ba haɗa shi aka yi ba, daga gindin bishiya aka saro shi har da kullin saiwarsa, aka sassaƙe. Wajen riƙo ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, har ya ɗan lotsa daidai inda yatsu ke zama.

"Iya, wannan na wane ne?"

"Na kakan mijina ne. Da shi ya je yaƙi, in ji su. Mu dai ƙofa muke tokarewa da shi."

Ya yi mata ƙafar kujera da wani katako, ya roƙe ta ta bar masa wannan. Ta bar masa, ta tafi tana mamakin kafintan da ke roƙon itace.

Da na dawo daga tafiya ya nuna mini. Ya sa na riƙe, ya ce in ji yadda nauyin duk ya taru a kai, hannu kuwa sakayau. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba. Ya ce wanda ya sassaƙa wannan ba shi da zarto, ba shi da abin awo, gizago ne kawai da wuƙa, amma shi da duk kayan aikinsa ba zai iya fitar da irinsa ba. Da zan tafi ya ce, "Auta, kai da kake yawon duniya, in ka ga irinsa ka tambaya."

Haka na zama ɗan aikensa. Duk garin da muka tsaya jiran takardu ko gyaran mota, sai in shiga kasuwa wajen masu tsofaffin kaya, ko in zauna da dattawa in kawo zancen. Wani ya ba ka don ya rabu da tarkace, wani ya ce ko kallonsa ba za ka yi ba, na gado ne. Na kawo masa mai siririn jiki da kai kamar lemo, da mai lanƙwasa kamar bakin tsuntsu, da wanda aka naɗe wuyansa da wayar tagulla, da wanda aka zura wa fatar wutsiyar saniya tun tana ɗanya, ta bushe ta kame riƙon. Akwai ɗan gajere na jifa, wanda maharba ke kira kere. Akwai mai kan dutse da aka ɗinke cikin fata. A gida ma labari ya bazu, mutanen ƙauye suka riƙa kawo masa nasu, ya yi musu ƙofa ko gado a madadi. Sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Kulake.

Da farko an sha cutata. Akwai masu sassaƙa sabo, su binne shi a taɓo, su turara shi da hayaƙi, su goga masa man takalmi, su sayar wa baƙi. Na taɓa ɗauko uku irin wannan tun daga bakin teku, ina ta murna. Yaya ya shinshina ɗaya, ya kankare gindinsa da farce, ya miƙo mini.

"Auta, tayar motarka ta baya ta girmi wannan."

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in ba ta su ta riƙa korar awakin maƙwabta.

A cikin shekara ashirin da shida ya tara arba'in da uku. Wani ɗan ɗaki ne a bayan shago, da don ajiyar katako aka yi shi. Ya kafa allo a bango, ya jera turakun itace ya naɗe su da tsumma, kowane kulki yana kwance a kan turaku biyu, ba ya taɓa bango, ba ya taɓa ɗan'uwansa. Tagar ya sa mata raga da labule, don rana tana tsaga tsohon itace. Ranar Asabar da safe ba ya karɓar aiki. Zai sauko da su ɗaya bayan ɗaya a kan bargo, ya share ƙura da buroshi mai laushi, ya narkar da kakin zuma a gwangwani, ya shafa kaɗan da tsumma, ya bari ya sha iska, sannan ya goge. Samfefa da fenti ba sa shiga ɗakin nan. Ya ce baƙin da ke wajen riƙo zufar hannun mutane ce ta shekara ɗari, duk wanda ya kankare ta ya mai da kulki sanda kawai.

Damina ce lokacin fargabarsa. Yakan zuba gawayi a gwangwanaye ya ajiye a kusurwoyi don ya zuƙe danshi. Kullum da safe sai ya tsuguna ya duba ƙasan allon. In ya ga ɗan gari mai laushi ya zuba, to ƙwaro ya shiga wani. Sai ya bi da ido har ya gano ramin, wanda bai fi tsinin allura ba, ya ɗura kananzir da sirinji, ya toshe da kaki, ya ware wannan kulkin a shago har wata guda, kamar mai cutar da ake ɗauka. Gara kuwa, in ya ga hanyarta a bango ko ta tsawon yatsa ce, ranar babu mai sakewa a gidan. Yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta lambar kowanne, da irin itacensa, kirya ko kanya ko marke, da inda aka samo shi, da abin da mai shi ya faɗa.

Matarsa takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Dogo, da ni itace ce da na ga gata a gidan nan."

Shi kuma ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Ke ai ba kya tsagewa."

Mutum ɗaya ne yake shiga ɗakin ba tare da neman izini ba, mai gyaran rediyo da shagonsa ke kallon na Yaya a tsallaken titi. Asalinsa mutumin ƙetaren kogi ne, harshensu daban da namu, amma shekararsa talatin a unguwar, a nan ya haifi 'ya'yansa mata biyu. Siriri ne mai surutu, duk abin da Yaya ya rage na magana shi ya ɗauka. Yana da wani gilashi mai ƙara girman abu da yake duba cikin rediyo da shi. Sai ya tsallako da shi ranar Asabar, su haɗa kai a kan kulki ɗaya suna ƙirga zanen da ke jikinsa, suna gardamar ko ado ne ko adadin mutanen da aka kayar. Sarkin Yaƙi yake kiran Yaya, don ya san ko kaza za a yanka a gidan Yaya ba ya iyawa, sai an kira shi.

Dogo shi ne ɗan Yaya namiji tilo, sauran mata ne, duk sun yi aure. Yana ƙarami ubansa ba ya barinsa ya leƙa ɗakin. Da ya girma aka so a nuna masa, shi kuma ya ce me zai gani a itace. Bai zauna a shago ba. Ya yi acaba ya bari, ya koma tasha yana kamasho. Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ba ya so a ce masa matsoraci, kuma duk inda abokai suka nufa nan ya nufa. Shi da ubansa gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Na taɓa ce wa Yaya, "Ka san kakan kowane itace a ɗakin nan, amma ba ka san inda ɗanka ke wuni ba." Ya ci gaba da goga.

Dogo yana da shekara ashirin da shida abin ya faru. Ranar wata Talata da safe rigima ta tashi a tasha a kan layin lodi, tsakanin samarin gefenmu da na ƙetaren kogi. Aka soki mutum ɗaya. Kafin hantsi labari ya koma an kashe goma, kafin rana ta take ya koma suna tsallako gada da makamai. Yaya yana bayan gari yana sa ƙofofi a wani sabon gini. Ni ina gareji, an sauke mini inji.

Abin da ya faru a gidan daga bakin matar Yaya na ji shi. Mai Rediyo ya shigo ta ƙofar baya da matarsa da 'ya'yansa, ta shigar da su ƙuryar ɗaki bayan akwatin kaya. Ta ce shi ma ya shiga. Ya ce bari ya ja ƙofar shagonsa ya kulle, akwai kayan mutane a ciki, yanzu zai dawo. Fitarsa ke da wuya sai ga Dogo da samari sun fi goma sha biyar.

"Inna, ina makullin ɗakin Baba?"

"Me za ka yi da shi?"

"Suna zuwa. Unguwa za mu kare."

"Yana aljihun ubanka. Dogo, ka dubi Allah ka zauna a gida."

Ya shiga shago ya ɗauko gudumar ubansa, duka biyu kwaɗon ya faɗi. Suka yi ta wawura. Ita kuma ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta tokare hannu, ba don kulake ba, don waɗanda ke ɓoye a bayanta.

Da ƙafa na taho daga gareji, don babu abin hawa. A bakin layi muka haɗu da Yaya, jakar kayan aiki a kafaɗarsa. Hayaƙi ta ko'ina, titi babu kowa sai takalma warwatse. Mai Rediyo yana kwance a ƙofar shagonsa, kwaɗon yana hannunsa bai kai ga maƙalawa ba. Ba zan faɗi yadda kansa ya koma ba. Yaya ya tuɓe rigarsa ya rufe masa fuska. A cikin kwata, taku uku daga gawar, ga wani kulki mai wayar tagulla a wuya. Yaya ya daɗe yana kallonsa, bai taɓa shi ba.

"Na sha bakwai ne," ya ce. Ni na kawo masa shi da hannuna.

Sojoji suka shigo da la'asar. Washegari muka samu aka tsallakar da matar Mai Rediyo da 'ya'yanta gada a motar wani maƙwabci. Har ta shiga mota tana yi wa matar Yaya godiya.

A rana ta uku da safe na buɗe ƙofata na tarar da Dogo a tsugune a bakin ƙofa, ƙafa ba takalmi, leɓe ya bushe. Na aika aka kira Yaya. Ya zo ya zauna a kan tabarma, ɗansa yana gefe kansa a ƙasa.

"Kai ne?"

"Ba ni kaɗai ba ne, Baba."

"Wa ya fara?"

Dogo bai ɗago kai ba. Can ya ce, "Sunana ya kira. A gaban kowa ya kira sunana, ya ce, Dogo, gaya musu ni ɗan gida ne. Duk suka juyo suna kallona."

Yaya ya tashi ya sa takalmi ya fita. Ni na ɗauki Dogo na damƙa shi ga wani direba abokina, ya kai shi wani gari mai nisan kwana biyu, wurin wani bakanike da na sani. Yaya bai ce a kai shi ba, bai ce kar a kai shi ba.

Kwana ɗaya tsakani 'yan sanda suka zo. Kulake goma sha tara aka kwasa ranar Talata, an tsinci goma sha ɗaya a wurare daban-daban, kuma mutum huɗu aka kashe a unguwarmu kaɗai. Kowa ya san gidan da suka fito. Aka ce Yaya makamai yake tarawa tun shekaru, yana jiran irin wannan rana. Suka kwashe ashirin da huɗun da suka rage suna watsawa a bayan mota, ɗaya a kan ɗaya. Bakin Yaya ya suɓuce ya ce, "A hankali." A nan ya sha marin farko.

Wata huɗu ya yi a tsare. Sun tambaye shi wa ya fasa ɗakin, ya ce ba ya gida. Sun tambaye shi ta hanyoyin da suka saba, bai ƙara ko kalma a kai ba. Wani malamin tarihi na kwaleji da ya taɓa zuwa ganin kulaken shi ya tsaya masa, ya yi ta zirga-zirga, ya sa aka buɗe baƙin littafin nan aka karanta shafi-shafi, har aka yarda kafinta ne mai son tsofaffin kaya, ba wani abu ba. Ya fito da haƙarƙari biyu a karye, kunnen hagu ba ya ji, wandonsa sai da aka ɗaure da igiya.

Mun ɗauka magana ta ƙare. Kwanansa biyar a gida ya aika in zo. Na same shi a shago, bai buɗe ƙofar titi ba.

"Auta, akwai wani ɗan dako a ɗakin da aka tsare mu. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin nan. Ranar Talatar ya tsinci na sha bakwai a kwata, ya ɗauka don ya kare kansa a hanya. Sojoji suka kama shi da shi, da jini a jiki. Sun sa ya dangwala yatsa a takarda. Shi za a ɗora wa kisan Mai Rediyo."

Na gane inda ya dosa. Na ce, "Yaya, ɗan dakon nan wa ya san shi?"

Ya kalle ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba. "Ni na san shi. Bargo ɗaya muka rufa wata huɗu. Ka kai ni inda ka ɓoye Dogo."

Matarsa tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta shigo ta durƙusa a cikin garin katako ta riƙe ƙafarsa.

"Baban Dogo, shi kaɗai gare mu."

"Na sani."

"Kai ka tara su. Shekara ashirin da shida kana shafa musu mai a gidan nan. Da babu su da me zai fita?"

"Haka ne."

"To ka bar shi!"

Ya sunkuya, haƙarƙarin na cizonsa, ya zare hannunta daga ƙafarsa a hankali.

Na so in ƙi. Amma tun ina yaro ban taɓa ce masa a'a ba, ranar ma ban iya ba. Muka yi kwana biyu a hanya. Muka tarar da Dogo a ƙarƙashin wata mota, hannu duk baƙin mai, ya ɗan yi ƙiba, har ya fara iya aikin. Da ya ga ubansa ya fito da sauri ya durƙusa. Yaya bai yaudare shi ba, a tsaye a nan ya gaya masa abin da ya kawo shi.

"Baba, kashe ni za su yi."

"Ko kai, ko wancan bawan Allah. Ba zan ɗaure ka ba, ba ni da ƙarfin. Gobe da safe za mu juya."

Da gari ya waye muka fito, muka samu Dogo zaune a gidan gaba na motar da muka zo da ita, da 'yar ledar kayansa a cinya. Muka juyo da shi gida.

Shari'a ta ɗauki shekara ɗaya da rabi. An saki ɗan dakon, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Lauyan da muka ɗauka ya ce akwai mafita. Taro ne, duka ta ko'ina, babu mai iya cewa ga hannun da ya fara. Ya zaunar da Yaya ya koya masa abin da zai ce: ɗana ya gaya mini yana wurin, iyakar abin da na sani ke nan. Yaya ya gyaɗa kai. Ranar da aka kira shi ya tsaya, aka rantsar da shi, lauyan gwamnati ya tambaye shi me ɗansa ya faɗa masa a gidana. Yaya ya maimaita maganar Dogo kalma da kalma, har da kiran sunan. Na ga lauyanmu ya rufe fayil ɗinsa. Dogo ya ɗago ya kalli ubansa sau ɗaya. Ɗaurin rai da rai aka yi masa.

A hanyar gida na kasa daurewa na ce, "Yaya, ka kawo shi, ai ya isa. Sai ka ƙarasa shi?"

Ya ce, "An rantsar da ni, Auta." Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Daga ranar matarsa ta daina yi masa magana. Ba ta tafi ba, ba ta daina girki ba. Za ta ajiye masa kwano a ƙofar shago ta juya. In dole ta kama sai ta gaya mini, ni in gaya masa, alhali duk muna tsakar gida ɗaya. Aiki ma ya ja baya. Wasu sun guje shi don daga gidansa makamai suka fito, wasu kuma don ya miƙa ɗansa saboda baƙo.

Bayan an gama shari'a aka aiko ya je ya karɓi kayansa da ba a yi shaida da su ba. A buhu uku muka ɗauko su. Shekara biyu suna ƙasa a wani sito mai yoyo. Ya shimfiɗa bargo ya zazzage. Wasu da ka ɗaga sai su ruguje a hannu, gara ta cinye ciki ta bar ɓawo. Fatun sun ruɓe, wayoyin sun yi kore, fumfuna ta yi fari a kan sauran. Mai kan dutse, dutsen kawai ya dawo. Tara ne suka tsira, masu taurin cikinsu. Na ɗauka zai ce in kai su juji. Sai na ga ya tashi ya ɗauko buroshi. Mako biyu ya yi a kansu, ya mai da su kan allo.

Na ce, "Yaya, har yanzu?"

Ya ce, "Su me suka yi?"

Wata safiya ya duba ya ga saura takwas. Ya fito tsakar gida, ya tarar da ɗaya a murhu ƙarƙashin tukunya, kan ya riga ya kama, matarsa tana zaune tana fifita. Tsohon itace mai kaki, wuta har da ƙara. Ya tsaya, ita ma ta ɗago ta zuba masa ido, tana jira ya yi magana. Ya juya ya koma shago. Da ta ajiye kwano ya ɗauka ya ci. Kullum ɗaya, har kwana tara. Bai sa wa ɗakin kwaɗo ba, bai ɓoye ko ɗaya ba. Da suka ƙare ya cire allon daga bango, ya yi wa wata makaranta benci da shi.

Kowane wata nakan kai su gidan yari, tafiyar awa uku, ita a baya, shi a gaba. Dogo yakan fito wa uwarsa, ya fito mini, amma ya gaya wa gandirobobi in ubansa ne kar ma a kira shi. Yaya yakan zauna a wani dakali a waje ƙarƙashin bishiya har mu fito, ya tambaye ni, "Ya rame?" In ce a'a. "Tarin fa?" In ce ya yi sauƙi. Sai mu juyo. Shekara shida muna haka, bai fasa ko wata ɗaya ba, sai da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Ƙirjin ne ya tafi da shi, tun dukan nan bai koma daidai ba. Kwana uku ya yi a kwance. Matarsa ce ta yi jinyarsa, ta juya shi, ta goge masa jiki, ta ɗura masa ruwa da cokali. Ko ta yi masa magana a kwanakin nan ban sani ba, ban kuma tambaye ta ba. Ya cika ranar Lahadi da hantsi, yana da shekara sittin da tara.

Ni kaɗai na je na gaya wa Dogo. Ya fito ya zauna a bayan raga, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Na faɗa masa.

"Ya sha wahala?"

"Kwana uku."

"Ya ce wani abu?"

Na so in ƙirƙiro masa wata magana, amma ban samu ba. Na ce, "Ka san shi."

Ya gyaɗa kai. Ya goge hanci da bayan hannu. Gandiroba ya ƙwanƙwasa ƙofa, lokaci ya yi. Dogo ya miƙe, har ya juya sai ya dawo.

"Baffa, in za ka zo wata mai zuwa ka taho mini da sabulu da silifa. Nawa ya tsinke."

Na ce to.